Darasi na Tara: Hunturu Lokacin Fita Ne

Mutumin Fassi ba ya buƙatar littafi ya gaya masa mene ne hunturu. Yana jin sa a leɓen da ya tsage, da fason dugadugi, da ruwan buta mai yankan hannu a alwalar asuba. Tun daga ƙarshen Oktoba iskar damina mai zuwa daga kudu maso yamma take janyewa, busasshiya ta maye gurbinta daga arewa maso gabas. Wannan iska tana ratso Sahara ta kwaso ƙura mai laushi, wadda kaso mai yawa nata daga gadon wani tsohon tafki ne da ya ƙafe a arewacin Chadi, wurin da ake kira Bodele. A Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan sauka zuwa digiri 13 ko ƙasa da haka da dare a ƙasar Kano, hazo ya lulluɓe duwatsun Rano da na Rurum har sai mai tafiya ya matso kusa kafin ya gan su sosai. Abin da yawancinmu muke yi a wannan lokaci sananne ne: a hura wuta a ƙofar gida, a ja bargo, a jira rana ta yi ƙarfi. Wannan darasi yana ja da wannan ɗabi'a. A duk shekara babu watannin da suka fi waɗannan dacewa da jiki ya fita fili ya motsa, kuma hanyoyin da kakanninmu suke motsa jiki da su a hunturu suna mutuwa ne domin larurar da ta haife su ta kau. Idan ana so su rayu, sai an tsaya an sa musu rana, an ware musu wuri, an kafa musu doka.

Bari mu leƙa inda sanyi ya fi namu nesa ba kusa ba, mu ga yadda suka yi. A ƙasar Norwe akwai wani dogon kwari tsakanin tsaunuka, a bakinsa akwai garin Lillehammer. Dusar ƙanƙara tana rufe ƙasa a can na tsawon watanni, kuma a Disamba hasken rana bai wuce awa shida ba. Wanda ya taka dusar nan da takalmi sai ya nutse har gwiwa. Dabarar da mutanen arewacin duniya suka gano tun shekaru dubbai da suka wuce ita ce a fafe alluna biyu dogaye sirara, a ɗaura ɗaya a kowace ƙafa, a riƙe sanda a hannu ana dogarawa, ana zamewa gaba. Allon yana baza nauyin mutum, kamar yadda faffaɗan tafin raƙumi yake hana shi nutsewa a rairayi. Sunan da suke kiran abin da shi, siki, asalinsa a tsohon harshensu tsagin itace yake nufi, wato faskare. Akwai masu hawa kan tsauni su gangaro a guje, amma wadda ta shafe mu ita ce zamiyar dogon zango, inda mutum yake ratsa fili da daji da tudu da gangare da ƙarfin cinyoyinsa da damatsansa. Da farko babu wasa a cikinta ko kaɗan. Maharbi da ita yake bin sawun nama, makiyayi da ita yake bin garke, mai kai wasiƙa da soja da ita suke kaiwa inda aka aike su. Ko a 1888 da Fridtjof Nansen ya ratsa tsibirin Girinlan daga gabas zuwa yamma, a kan allunan nan ya yi.

Daga baya jirgin ƙasa ya zo, aka shimfiɗa tituna, aka ƙera motocin share dusa. Larura ta kau. A nan ne abin lura yake, domin mutanen ba su jingine allunan a zaure sun bar wa gara ba. A 1932 suka kafa tseren da a yau yake kilomita 54 daga garin Rena, a tsallaka tsauni, a sauka Lillehammer, kuma wajibi ne kowane mai tsere ya goya jaka mai nauyin kilo uku da rabi. Jakar tana tuna musu da shekarar 1206, lokacin yaƙin basasa, da wasu mayaƙa biyu suka tsallaka da wani jariri ɗan sarki ta tsaunukan nan don kada abokan gaba su kashe shi, yaron da ya girma ya zama Sarki Haakon. Maƙwabtansu na Suwidin sun riga su da shekara goma: tun 1922 suke tseren kilomita 90 daga Salen zuwa Mora a ranar Lahadin farko ta Maris, wanda yanzu mutum kusan dubu goma sha biyar suke shiga. Yawancin waɗannan ba su da niyyar cin kofi. Malamai ne da manoma da ma'aikatan ofis da tsofaffi, kuma amfanin tseren a wurinsu yana cikin watannin da suke yi suna fita atisaye don kada su ji kunya ranar taro. Ranar tsere ɗaya ce a shekara, amma ita take fitar da su daga ɗaki duk tsawon sanyin.

Mu namu allon ƙafa ce. Fataken da suke zuwa Gwanja sayo goro da rani suke tashi, saboda a lokacin ne koguna suke janyewa, hanya ta bushe. 'Yan koli da ƙafa suke cin kasuwannin ƙauye, ɗan cin rani da ƙafa yake isa birni, almajiri da allonsa haka. Mace tana daka, tana niƙa a dutse, tana ɗebo ruwa daga nesa. Bayan kaka samari suna kokawa da langa a dandali, mahauta suna dambe, 'yan mata suna gaɗa da farin wata, mafarauta suna kwana biyu ko uku a dawa. Babu wanda ya kira wannan motsa jiki, rayuwa ce kawai. Yau babur ya shiga kowane lungu, har tafiyar da ba ta kai kilomita ɗaya ba sai an tsayar da ɗan acaɓa. Injin niƙa ya karɓi aikin turmi da dutse, famfon burtsatse ya matso da ruwa, waya ta karɓi hirar dandali. Babu mai hankalin da zai ce a koma wahalar da, domin waɗannan abubuwa sauƙi ne daga Allah. Sai dai jikin da aka halitta don ya motsa bai san an ƙirƙiro babur ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiyar da take sa numfashi ya ɗan ɗaga, wato rabin awa a rana har kwana biyar shi ne mafi ƙaranci. Rashin haka yana cikin manyan abubuwan da suke jawo hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki, cututtukan da a da ake cewa na masu kuɗin birni ne, yanzu kuwa kowane ƙauye yana da masu jinyarsu.

To me ya sa hunturu? Ku duba sauran shekara. Da damina gona ba ta barin kowa, ga taɓo, ga ciyawa mai ɓoye maciji. Da bazara, a Afrilu da Mayu, zafi yana kai digiri 40, kuma mai dogon tafiya a irin wannan rana yana wasa da ransa. A hunturu kuwa iska busasshiya ce mai sanyi, gumi yana bushewa nan take, zuciya ba ta shan wahalar sanyaya jiki, sauro ya yi sauƙi, rumbu yana cike, kuma gonaki sun buɗe. Wannan na ƙarshe yana da ban sha'awa. A dokar Norwe ta 1957 an ba kowa damar ratsa gonar wani da ƙafa idan ƙasa ta daskare ko dusa ta rufe ta, amma an hana daga 30 ga Afrilu zuwa 14 ga Oktoba, lokacin shuka da girbi. Mu tun kafin a rubuta wata doka muna da irin wannan fahimta: da zarar an kawar da amfanin gona an kwashe kara, sai a saki dabbobi, hanya ta miƙe ta tsakiyar gonaki, babu mai cewa ka taka masa shuka. Filin da Turawa suke kashe kuɗi su tanada, mu kowace shekara kyauta yake zuwa mana daga Disamba zuwa saukar ruwan fari.

Mai karatu zai ce, kuma da gaskiyarsa, manomin da ya yi wata biyar yana duƙe da fartanya wane motsa jiki za a koya masa? Hutu yake buƙata. Amsar tana da ɓangare biyu. Akwai waɗanda hunturu lokacin aikinsu ne na biyu. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka fara zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta yake bi ta Ruwan Kanya ya shayar da filayen Kadawa da Bunkure da Kura da Garun Malam, kuma alkamar da ake shukawa a can daga tsakiyar Nuwamba sanyin nan ne abincinta, in babu shi ba ta yin ido. Mai ban ruwan alkama da tumatir da albasa, da mai buga tubali, da mai kai taki gona da jaki ko amalanke, wannan darasi ba shi da abin da zai ƙara musu sai fatan alheri. Amma su nawa ne cikin jama'a? Sauran su ne mai tireda da tela da malamin makaranta da ɗan acaɓa da ke zaune a kan sirdi daga safe zuwa dare, da manomin damina da yake wuni a majalisa daga Janairu zuwa Mayu. Ƙarfin da aka tara da damina ba ajiyar banki ba ne, makonni kaɗan na zama suke zubar da shi. Shi ya sa noman fari yake zo wa mutane da ciwon baya da na gaɓoɓi, jikin da ya yi wata biyar a kan benci aka ce ya tashi ya yi huɗa.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, shi ne ƙura. Gaskiya ne ƙurar hunturu tana tayar da asma da tari da ciwon ido, tana kuma busar da cikin hanci da maƙogwaro har ƙwayar cuta ta sami ƙofa. Muna cikin yankin da likitoci suke kira zirin sanƙarau, daga Senegal zuwa Habasha, kuma annobar 1996 ta kashe fiye da mutum dubu goma a Nijeriya, mafi yawa a Arewa. Ba a raina wannan. Amma a tambaya, ina ne cutar take yaɗuwa? A ɗakin da mutum takwas suka kwana an toshe taga da tsumma, kowa yana shaƙar numfashin ɗan'uwansa. Haka ƙyanda, haka tarin fuka. Ga hayaƙin itace, ga kaskon garwashi da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa, wanda yake fitar da iska mai guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci, ga gobarar da kowane hunturu sai an ji labarinta. Wanda ya gudu daga ƙura ya shige irin wannan ɗaki bai tsira ba. Maganin sanƙarau rigakafi ne, kuma a 2024 Nijeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da take kare mutum daga nau'i biyar na cutar. Ita kuwa ƙura hankali take so: a fita da hantsi bayan sanyin asuba ya karye, ko da la'asar, a rufe hanci da rawani ko takunkumi, a sha ruwa ko ba a jin ƙishi, a shafa man kaɗanya. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango bishiyar da ke ƙarshen gona, mai asma da tsoho da jariri su zauna a gida. Irin waɗannan ranaku ba su ne mafi yawa ba.

Farauta ce wurin da maganar take da wuya, kuma ba zan ɓoye ra'ayina ba: farautar gayya yadda ake yin ta yanzu ba ta da sauran hujja. Ana cinna wa daji wuta don a kori zomo da gafiya, wutar ta cinye ciyawar da dabbobi za su ci da ƙananan itatuwa da takin da ƙasa take buƙata. Ana shiga da makamai da ƙwaya, a dawo da rauni da gaba tsakanin ƙauyuka a kan naman da bai cika tukunya ba. Naman dawa ya ƙare a kusa, har dajin Falgore da aka keɓe don a kare shi bai tsira ba, shi ya sa mafarautanmu suke tafiya har kudancin ƙasar nan. Kowa a wannan yanki yana tuna watan Maris na 2025, lokacin da aka kashe matafiya goma sha shida a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta masu dawowa gida yin Sallah, da yawansu 'yan Torankawa a ƙaramar hukumar Bunkure. Kisan zalunci ne, babu abin da zai wanke shi, kuma yana nuna nisan da neman nama yake kai mutanenmu. Duk da haka a cikin farauta akwai abin da bai kamata ya mutu ba: juriyar tafiya, sanin sawu, sanin itatuwa da maganinsu, iya harbi, biyayya ga sarkin dawa, da kiɗan gangi mai tayar da tsikar jiki. Mutanen ƙanƙara sun raba waɗannan da zubar da jini. Daga farauta da aikin soja suka fitar da wasan da ake zamiya a tsaya a harbi bara a ci gaba, wanda ya shiga gasar Olamfik tun 1960. Babu abin da zai hana maharban Kibiya da Rano su yi gasar tafiya da harbin baka a kan alama, sarkin baka yana alƙalanci.

Kada a ce wannan dabarar Turawa ce, domin Hausawa sun riga sun gwada ta ta yi. A Jamhuriyar Nijar kokawar dandali ce aka ɗauka a 1975 aka yi mata gasar ƙasa, aka fara a Tawa, ana zagayawa da ita jiha jiha, yawanci cikin sanyi, wanda ya yi nasara a ba shi takobi. Yau in ana kokawar nan kusan kowane gida yana jikin rediyo ko talabijin, kuma yaro a ƙauyen Maraɗi ko Dosso yana da dalilin yin atisaye. A Argungu tun 1934 ake bikin su, kuma abin da ya raya shi doka ce: an hana kamun kifi a kogin Matan Fada sai ranar da aka buɗe. Shari'a ma ba ta hana ba, domin ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, kuma ya ƙarfafa koyon harbi. Wannan ya kawo mu ga mata, waɗanda injin niƙa da famfo suka fi rage wa motsi, kuma da yawansu ba sa fita sai da lalura. Ko a Suwidin an hana mata shiga babban tseren nan daga 1924 har 1980, daga baya a 1988 aka kafa musu nasu na kilomita 30. Matan aure a nan suna da makarantun Islamiyya da azuzuwan yaƙi da jahilci irin wannan, masu katanga da fili. Rabin awa na zagaya fili kafin a fara karatu, mata zalla, ba ya taɓa mutuncin kowa, kuma zuwa barka ko dubiya a unguwar kusa ba dole sai a kan babur ba.

A 2022 wani ɗan Nijeriya da ya tashi a Faransa, Samuel Ikpefan, ya wakilci ƙasar nan a zamiyar dogon zango a gasar Olamfik ta lokacin sanyi a Beijin. Abin alfahari ne, amma ba shi ne abin koyinmu ba, domin dusa ba za ta sauka a Fassi ba. Abin da za mu iya ba ya cin kuɗi. Dagaci da masu unguwanni da limamai da shugabannin matasa su zauna su sa rana ɗaya a Janairu. A zaɓi hanya ta cikin gonaki da gindin duwatsu, nesa da titin mota, a yi gajera don dattawa da yara, doguwa don samari. A hana wuta da makami da ƙwaya, a sanar da jami'an tsaro da 'yan sintiri, a ajiye randunan ruwa a hanya, a gayyaci ma'aikacin lafiya ya auna jinin duk wanda ya haura shekara arba'in kafin a tashi. In ana son abin tunawa irin jakar mutanen Norwe, kowa ya rataya gora da ƙunshin guzuri irin na fatake. Da yamma a yi kokawa da langa a rufe taro.

Aikin wannan mako shi ne kowane ɗalibi ya rubuta a littafinsa wurare uku da yake zuwa a kan babur alhali mahaifinsa ko mahaifiyarsa da ƙafa suke zuwa. Ya zaɓi ɗaya ya taka, ya duba agogon wayarsa lokacin tashi da lokacin isa, ya rubuta mintocin da lambobi. A zama na gaba za mu tara na kowa a allo, mu ga wa ya kai 150 a mako, sannan mu zana taswirar hanyoyin da aka bi, da sunayen gonaki da rafuka da duwatsun da ke kansu kamar yadda dattawan gari suke kiran su.